Masu Bin Baƙon Tsuntsu Sun Manta Da Ungulu

Ran ɗaya ga watan Janairu na kowace shekara, tun gari bai gama wayewa ba, akwai waɗansu mutane a Badun da Ikko da suke fita da sabon littafi a aljihu, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ba su riƙe da baka ko danƙo, ba su kuma ɗauke da tarko. Abin da suke nema kawai shi ne su ga tsuntsu, su gane irinsa, su rubuta sunansa, su wuce. Yawancinsu malaman jami'a ne da ɗalibai da ma'aikatan ofis, sai kuma waɗansu Turawa kaɗan da ke aiki a ƙasar nan. Masu gadi 'yan Arewa da ke buɗe musu ƙofa sun san su sarai, kuma galibi hukuncin da suke yanke musu ɗaya ne, wai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuya. Mutum zai zaɓi iyakarsa, ko gari ɗaya, ko jiha ɗaya, ko ƙasa baki ɗaya. Daga ranar farko ta shekara zuwa 31 ga Disamba, kowane irin tsuntsu ya gani a cikin wannan iyaka sai ya rubuta shi sau ɗaya tak. Ko sau dubu ya gan shi, suna ɗaya ne. Wanda jerinsa ya fi na kowa tsawo ran da shekara ta ƙare shi ne gwani. Ba a ba shi kofi, ba a ba shi kuɗi, sai dai abokan wasa su san shi ya ci. Da safiyar sabuwar shekara kuma kowa ya koma farko.

Makon farko daɗi gare shi. Ga hankaka, ga shirwa, ga balbela, ga kurciya, mutum ya cika shafi bai bar unguwarsu ba. Amma kafin watan Maris ya wuce duk na kusa sun ƙare, daga nan ne ake shiga abin da masu wasan suka fi so, watau bin baƙon tsuntsu. Wani ya aiko da saƙo ta waya cewa an ga wani tsuntsu da ba a saba gani ba a bakin tafki kaza, sai a ajiye aiki, a sha mai, a kama hanya. Wani lokaci a tarar da shi, wani lokaci kuwa a tarar da reshen da ya tashi daga kai.

Masu gadin ba su kyauta ba da suka raina wannan aiki, domin akwai amfani a cikinsa. Amma su ma masu wasan akwai inda suka kauce hanya, kuma kaucewar ba ƙarama ba ce. Jerin shekara yana girmama tsuntsun da ba a cika gani ba, ba shi kuwa da idon da zai ga tsuntsun da kowa ya sani sa'ad da yake ƙarewa. A halin da ake ciki a ƙasar nan na biyun ne babban labari, kuma mutanen da suka fi kowa saninsa su ne waɗanda ba a taɓa gayyata wasan ba, watau mahauta da 'yan kara da direbobi da masu gadin nan.

Al'adar daga Ingila da Amurka ta taso, a can kuwa an kai ta inda hankali ba ya ɗauka. A 2016 wani saurayi ɗan ƙasar Holan, Arjan Dwarshuis, ya zaga ƙasashe 40 cikin shekara ɗaya ya ga iri 6,852, fiye da rabin dukan ire-iren tsuntsayen duniya ke nan. A Nijeriya kuwa an fara haɗa kai kan sha'anin a 1964, sa'ad da John Elgood, malamin ilmin dabbobi a Jami'ar Badun, da Robert Sharland, wani Bature da ya daɗe a Kano, suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta ƙasa. Tun daga nan ake ta tara suna, har aka tabbatar da iri sama da 900 a cikin iyakar Nijeriya.

Shi wannan Elgood shi ne ya bayyana wa duniya, a 1958, wani ɗan tsuntsu dangin marai masu saƙa sheƙa, wanda ba a samunsa ko'ina a bayan ƙasa sai a kurmin da ke kewayen Badun da waɗansu garuruwan ƙasar Yarbawa. Malimbe na Badun ake ce masa. Namijin ja ne a ƙeya da ƙirji, fuska da sauran jiki kuwa baƙi wuluk. Da aka yi ta sare kurmi saboda gonaki da gine-gine sai ya yi ta raguwa, har aka yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai a 1987 aka sāke ganinsa a gandun dajin cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashen duniya, wadda aka fi sani da IITA. Wani bincike da aka buga a 2005 ya ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce kamar tsuntsu 2,500 ba. Duk mai jerin Jihar Oyo wannan ne babban burinsa.

Ita wannan cibiya ba baƙuwa ba ce ga mai karatu. An kafa ta a 1967 a kan hanyar Oyo, filinta hekta 1,000, kuma kusan sulusinsa kurmi ne da aka hana sara da farauta. Wanda ya taɓa sayar da tumatir da albasa a Sasa, ko ya kai shanu karar Akinyele, ya sha wuce shingenta. Tun 2014 akwai ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta Badun da ke taruwa a ciki. Watau tsakanin mutumin da ke neman malimbe da mutumin da ke sauke kwandon attaruhu babu nisan da ya kai tafiyar sa'a guda a ƙasa, amma ko sannu ba ta taɓa haɗa su ba.

Mai jerin Ikko shi kuma gandun Lekki ya fi zuwa, wanda ƙungiyar kare dazuka da namun daji ta NCF ta buɗe a 1990 a kan hekta 78. Wanda ya ɗauki ƙasar baki ɗaya kuwa sai ya shirya aljihu. Zai je dutsen Afi a Jihar Kuros Riba don wani tsuntsu mai sanƙo da ke gina sheƙar laka a jikin kogo, ya gangara fadamun Bayelsa don wata 'yar tsada da ake kira ta Anambra, ya hau tudun Jos don wani jan tsuntsun duwatsu da masana ba su san da shi ba sai a 1998, ya ƙare a fadamar Haɗeja da Nguru cikin hunturu, lokacin da agwagin ruwa na Turai suke sauka.

Gaskiya dai, ba don irin waɗannan idanu ba da babu wanda zai san malimbe yana nan da rai. Takardar da ke nuna cewa kurmi kaza gidan wani tsuntsu ne da babu irinsa a duniya hujja ce da ake kai wa gwamnati idan an zo raba filin. Samarin ƙauyukan da ke kusa da irin waɗannan wurare suna samun abin kai wa baka ta wajen yi wa baƙi jagora. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da aka kafa a 2001 a Laminga, kusa da Jos, ta yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, kuma da yawansu da wannan sha'awa ta ganin sabon tsuntsu suka fara. Ba wanda zai ce a daina.

To, ina aibin? Aibin yana cikin lissafin kansa. A jerin shekara, malimbe ɗaya da aka hango cikin ganye suna ɗaya ne, jan-baki miliyan ɗaya da suka rufe gonar shinkafa a Haɗeja su ma suna ɗaya ne. Wanda ya ga ungulu ɗari biyar a kan rufin kwata ya rubuta “ungulu”, wanda ya yi wata shida yana nema ya ga ƙwaya ɗaya shi ma “ungulu” zai rubuta. Jerin na farko da na biyu tsawonsu ɗaya. Saboda haka yana yiwuwa jerin gari ya yi ta ƙara tsawo kowace shekara, domin madubi ya fi na da kyau, masu kallo sun fi na da yawa, waya kuma tana kai labari nan da nan, alhali kuwa tsuntsayen garin suna ta raguwa. Ranar da jerin zai nuna cewa akwai matsala ita ce ranar da sunan ya fita daga ciki, a wannan rana kuwa magana ta riga ta ƙare.

Bugu da ƙari, gwargwadon yadda tsuntsu ya yi ƙaranci, gwargwadon yadda darajarsa take hauhawa ga masu wasan, kuma daraja takan jawo wa mai ita wahala. Waɗansu sukan ɗauki kukan tsuntsu a waya su sa shi a lasifika a bakin kurmi. Namiji ya ji, ya zaci wani ne ya shigo masa gida, ya bar mace da ƙwai ya fito neman faɗa. Mai kallo ya gan shi ya rubuta ya tafi. In an yi haka sau ɗaya ba kome, amma in tsuntsu ɗaya ne kowa ya sani, kuma kowace Asabar mota biyu ko uku suka zo suka yi masa haka, ai ya bar kiwo ya koma gadi. Akwai kuma masu gaggawa. Malimbe na Badun yana da 'yan'uwa baƙaƙe da ja da suke kama da shi ƙwarai, kuma wanda ya sha hanya tun asuba, ga Disamba ta kusa ƙarewa, idonsa yakan nuna masa abin da zuciyarsa take so. Ta haka ake yi wa littafi ungulu da kan zabo, kuma ƙarya in ta shiga takarda fitar da ita aiki ne. Na ukun shi ne mafi muni. Ba masu madubi kaɗai ke karanta labarin inda baƙon tsuntsu yake ba, masu tarko ma suna karantawa. Shi ya sa babbar ma'ajiyar intanet ta eBird take ɓoye wuraren da aka ga aku, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a taron 2016.

Yanzu sai a koma kan ungulu. Duk tsohon mahaucin da ya yi aiki a kwatar Oko-Oba ta Agege, ko tsohuwar kwatar Bodija kafin a mai da yanka Amosun a 2018, ko kwatar Kano da Zariya da Gusau, zai ba da labari iri ɗaya. A da sai an sa yaro da sanda yana kora. Suna jere a kan kwano, suna jere a kan katanga, in an jefar da tumbi kafin a juya sun gama da shi. Hausawa sun san ta har suka ce ungulu ba ta jewar banza, domin inda duk ta yi ta kewaya akwai abin da ya mutu a ƙasa, makiyayin da saniyarsa ta ɓata ma sama yake duba. Yau mutum sai ya shekara a yawancin waɗannan wurare bai ga ɗaya ba. Yaron da aka haifa a Sabo shekara goma sha biyar da suka wuce yana jin sunanta a karin magana, amma in aka nuna masa hotonta ba lalle ya gane ta ba.

Babu wanda ya rubuta ranar da ta fara raguwa. Masu jerin shekara sun rubuta ta ran ɗaya ga Janairu sun wuce, domin ba abin nema ba ce. Mahauta sun ga raguwar da idonsu, amma ba wanda ya tambaye su, su kuma ba su ɗauka abin faɗa ba ne. Sai a 2011 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke ƙarewa, watau IUCN, ta sa ungulun gari cikin waɗanda ke cikin haɗari, a 2015 kuma ta ɗaga ta zuwa matakin waɗanda ke dab da shuɗewa. Mai karatu ya lura da kyau, wannan mataki ya fi na malimbe tsanani. Tsuntsuwar da ake kora da sanda ta wuce ɗan lelen Badun shiga haɗari, ba tare da ko mota ɗaya ta sha mai dominta ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kwatocin zamani suna da rufi, kuma abin da a da ake zubarwa yanzu sayarwa ake yi. An sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Amma babban dalili a ƙasar nan shi ne kasuwa. Ana sayen kanta da ƙafarta da gashinta da ƙwanta don neman sa'a, da duba, da abin da masu sayarwa suke cewa maganin hauka ne ko farfaɗiya. Masu bincike da suka zaga kasuwannin Afirka ta Yamma sun tarar Nijeriya ce kan gaba a wannan ciniki, kuma da ta yi wuya a nan sai aka koma kawo ta daga Nijar da Chadi da Kamaru. Guba ake barbaɗawa a kan nama a kwashi goma ko ashirin lokaci ɗaya. Ita kuwa ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, saboda haka abin da aka kwashe da hantsi ɗaya sai a yi shekaru ba a mai da gurbinsa ba.

A nan akwai maganar da ba ta da daɗin ji, amma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Rumfunan da ake baje busassun ungulaye suna kasuwannin magungunan gargajiya na Badun da Ikko da Abekuta, amma kayan daga Arewa suke zuwa, hannun 'yan Arewa ne ke kamawa, kuma a motocin da ke kawo shanu da wake da albasa ake cusa buhun. Masu saye kuma suna kowane ɓangare, Kudu da Arewa. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta sa iyaka ga cinikin namun dajin da ke ƙarewa, an kuma yi mata gyara a 2016, amma kowa ya san doka ba ta buɗe buhu a tasha. Haka gauraka ya tafi. A da garkensa ake gani a fadamun Yobe da bakin Tafkin Chadi, aka yi ta kamawa ana kai wa masu hali su ajiye a tsakar gida don ado, yau ganinsa a dajin Nijeriya sai an yi dace.

Wanda ya ce ina ruwansa da ungulu, ya dubi Indiya. A can ungulaye miliyoyi ne, sai aka fara yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki da ake kira diklofenak, wanda in ungulu ta ci mushen dabbar da aka yi wa sai ƙodarta ta lalace. Tsakanin 1992 da 2007 wani irin ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari. An hana ba dabbobi maganin a 2006, bayan aikin gama ya gama. Mushe ya yi ta ruɓewa a bakin ruwa, karnukan banza suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Waɗansu masana tattalin arziki biyu, a binciken da suka buga a 2024, sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 a ƙasar tsakanin 2000 da 2005. Mai sana'ar nama ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da ke faruwa in babu mai share bayan kwata.

Su kansu Amurkawan da suka fi kowa son jerin shekara sun koyi wannan darasi da tsada. Suna da wata irin kurciyar daji da garkenta kan rufe rana in yana wucewa, ba wanda ya yi zaton za ta ƙare, ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiyar namun daji na Cincinnati a 1914. A 1900 wani masaninsu, Frank Chapman, ya ce maimakon gasar harbi da ake yi ran Kirsimeti a fita a ƙidaya tsuntsaye. Mutum 27 suka fita a wurare 25, kuma ba a fasa ba har yau. Bambancin wannan ƙidaya da jerin shekara shi ne ana rubuta yawa, ba suna kaɗai ba, kuma wuri ɗaya ake komawa kowace shekara. Da irin waɗannan alƙaluma ne aka gano a 2019 cewa Amurka da Kanada sun rasa tsuntsu kusan biliyan 3 tun 1970, yawancinsu kuwa na gama-gari ne, irin na bayan gida.

A nan ma an fara aiki mai kama da wannan. Tun 2015 cibiyar nan ta Jos ta soma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda Dr. Talatu Tende ta jagoranta. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da 9 fāɗi. Mutum zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla sa'a biyu, ya rubuta duk abin da ya gani, da hankaka da gwara da kome, ya aika ta waya. Amfaninsa shi ne maimaitawa. Alal misali, in a cikin takardu ɗari na kewayen Agege an sami shirwa a tamanin, bayan shekara goma kuma aka same ta a ashirin, to, an ga raguwa tun da sauran abin ceto. Irin wannan aiki ba shi da daɗin labari kamar na wanda ya bi baƙon tsuntsu har Bayelsa, amma shi ne wanda ƙasa take bukata, kuma ya kamata ƙungiyoyin Badun da Ikko su riƙa yabon wanda ya fi kowa komawa wuri ɗaya kamar yadda suke yabon wanda ya fi kowa tsawon jeri.

Wa ya fi dacewa da irin wannan ƙidaya? Mutumin da yake wuri ɗaya kullum, a fili, tun asuba. Mai gadi yana ganin abin da ke sauka a itacen ƙofar gida kwana 365. Mahauci yana kwata kafin rana ta fito. Direban tirela da ke tasowa daga Potiskum ko Maigatari zuwa Ikko yana ratsa dukan ire-iren dajin ƙasar nan sau da yawa a wata, daga ƙaya zuwa kuka da kaɗanya har kurmi, abin da mai jerin shekara sai ya tara albashin watanni kafin ya yi sau ɗaya. Waɗannan mutane kuwa ba jahilan tsuntsu ba ne. Sun tashi sun san shamuwa ba ta zuwa sai damina ta kusa, sun san carki a bayan sa, sun san burtu da cilakowa da makwarwa da dinya da kirinjijiya, sun san wanda ake ci da wanda ba a taɓawa.

Abin sha'awa ma, da yawa daga tsuntsayen da mai karatu yake gani a Kudu 'yan ci-rani ne kamarsa. Shirwar da ke shawagi a kan kasuwar Mile 12 da rani take saukowa, in ruwa ya fara zuba sai ta nufi Arewa. Cilakowa ma haka. Akwai wani ɗan kore mai farin maƙogwaro, mai cin zuma da fara, wanda yake ƙyanƙyasa a bakin Sahara da damina, ya kwashe rani a kurmin ƙasar Yarbawa. Ita kuwa shamuwa, in ta gama renon 'ya'yanta a kan tsamiyar ƙauye sai ta wuce har kudancin Afirka. Ranar da kowannensu ya iso da ranar da ya tashi, in aka rubuta shekara bayan shekara, labari ne game da damina da fari wanda masana suke nema ruwa a jallo.

Akwai wani dalili kuma da ya sa bin baƙon tsuntsu cikin daji bai dace da ɗan Arewa mazaunin Kudu ba a wannan zamani. Bature ko malamin jami'a in ya shiga kurmi da madubi, mutanen ƙauye za su yi masa dariya ne kawai. Bahaushe ko Bafillace in ya yi haka, wata fassara za a yi masa. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da ke komawa gida daga Fatakwal, bisa zargin wai masu satar mutane ne. Saboda haka wanda sha'awar abin ta kama shi kada ya shiga daji shi kaɗai, ya bi ƙungiya, ko kuwa ya tsaya inda aka san fuskarsa. A can ne ma ƙidayarsa ta fi amfani.

Nauyin farko yana kan ƙungiyoyin. Duk harkarsu da Turanci suke yi, sunayen tsuntsaye kuma da Turanci da Latin, sai ka ce ba a taɓa raɗa musu suna a ƙasar nan ba. Ba zai gagare su ba su je wurin Sarkin Hausawa da Sarkin Fawa a Sabo da Agege da Sagamu, su zauna da dattawa, su rubuta abin da suka tuna tun ba a rasa su ba: wace shekara aka daina korar ungulu, a kan wane itace take kwana, su wa suka fara zuwa saye. Su buga 'yar takarda mai hoton tsuntsu ashirin ko talatin da sunayensu na Hausa da Yarbanci. Gaskiya ne sunan Hausa wani lokaci yakan haɗa iri uku ko huɗu, kamar shaho da tsada, amma hoto yana warware wannan, kuma ungulu da hankaka da balbela da shamuwa ba mai rikita su.

Nauyi na biyu yana kan shugabannin kwata da na tasha. Littafi ɗaya a ofishin Sarkin Fawa, yaro ɗaya mai karatu, kowace Juma'a da safe ya rubuta ungulu nawa, shirwa nawa, balbela nawa, hankaka nawa. In babu ko ɗaya ya rubuta babu, domin “babu” ɗin nan ita ce kalmar da jerin shekara ba shi da wurin rubuta ta. Su kuma shugabannin direbobi da 'yan kamasho sun san buhun wake, sun san buhun da ba na wake ba tun daga warinsa. Kuɗin da ake biya a kan irin wannan buhu bai kai na taya ɗaya ba, kuma in tashar Kano da ta Maiduguri da ta Sakkwato suka ƙi lodinsa, ba shi da wata hanyar da zai bi ya iso Badun.